Fashin baƙi: Yadda shugabanni ke sanar da ma'aikata sauyi, da abin da ke biyo baya

A tsakiyar watan Janairun 2024 wata takardar cikin gida ta isa ga ma'aikatan Babban Bankin Najeriya, CBN. Takardar ta ce hedikwatar bankin da ke Abuja ta cika ta batse, domin ginin da aka yi saboda mutum 2,700 yana ɗauke da mutum 4,233. Don haka za a kwashe ma'aikata 1,533 zuwa wasu gine-ginen bankin a Abuja da Legas da kuma rassan da ke fama da ƙarancin ma'aikata. Sassa biyar aka ce za su koma Legas, ciki har da sashen sa ido kan bankuna, da na kare haƙƙin abokan hulɗa, da na kula da tsarin biyan kuɗi.

Ba a jima ba takardar ta fita daga hannun waɗanda aka rubuta dominsu, ta faɗa shafukan jaridu da zaurukan WhatsApp. Kwanaki kaɗan bayan haka hukumar kula da filayen jiragen sama ta ƙasa, FAAN, ta sanar da cewa ita ma za ta mayar da hedikwatarta Legas. Daga nan zance ya tashi daga cunkoson ofis ya koma rikicin Arewa da Kudu. Ƙungiyar tuntuɓa ta Arewa, ACF, ta yi tir da matakin. Sanata Ali Ndume ya fito a talabijin yana gargaɗin cewa abin zai yi wa gwamnati illa a siyasance. Har sai da fadar shugaban ƙasa ta fito ta musanta cewa Shugaba Bola Tinubu na shirin mayar da babban birnin tarayya Legas.

A cikin wannan hayaniya, muryar da aka fi ƙarancin ji ita ce ta wanda abin ya shafa kai tsaye. Watan Janairu ne, lokacin da iyaye suka gama biyan kuɗin makarantar zango na biyu, a garin da ake biyan kuɗin haya na shekara guda a dunƙule. Ma'aikacin da sunan sashensa ya fito a takardar ba lissafin ƙuri'un 2027 yake yi ba. Tambayoyinsa na cikin gida ne: yaushe zai tashi, wa zai ɗauki nauyin ƙaura, ina yara za su ƙarasa shekarar karatu, kuma me zai faru da matarsa ko mijinta da ke aiki a wata ma'aikatar a Abuja.

Hujjar bankin ba ta banza ba ce. Mafi yawan bankunan kasuwanci hedikwatarsu na Legas, kuma mai sa ido kan banki ya fi dacewa ya zauna kusa da bankin. Tsohon gwamnan CBN, Muhammadu Sanusi II, ya goyi bayan matakin a fili, ya kuma soki masu mayar da shi batun ɓangaranci. Sai dai a cikin wannan goyon baya nasa ya ba da shawarar a duba halin kowane ma'aikaci, musamman mata masu ƙananan yara a makaranta da masu fama da rashin lafiya. Wannan shawara ita ce ainihin abin da ake nufi idan ana maganar sanar da sauyi a wurin aiki. Yanke hukunci abu ɗaya ne, isar da shi ga mutanen da zai taɓa rayuwarsu kuma wani aiki ne dabam, wanda shugabanni da yawa ke ɗauka ya ƙare da zarar an sa hannu a sakula.

Abin da bincike ya gano

Akwai masu ganin cewa yadda aka faɗi magana ado ne kawai, wai in dai za a rage wa mutum albashi to ko da zuma aka haɗa labarin ba zai yi masa daɗi ba. Wani bincike da masanin halayyar ma'aikata Jerald Greenberg ya wallafa a 1990 ya gwada wannan ra'ayi a zahiri. Wani kamfanin ƙere-ƙere a Amurka ya rasa manyan kwangiloli, ya yanke shawarar rage albashi da kashi 15 cikin ɗari na tsawon mako goma a masana'antunsa biyu, maimakon ya sallami mutane. A masana'anta ta farko shugaban kamfanin da kansa ya zauna da ma'aikata, ya ɗauki lokaci yana bayyana halin da kuɗin kamfanin ke ciki, ya nuna takaicinsa, ya amsa tambayoyi. A ta biyu an tara su na ɗan gajeren lokaci, aka gaya musu adadin da za a zaftare, ba cikakken bayani, ba ban haƙuri. Akwai masana'anta ta uku da ba a taɓa albashinta ba, wadda aka yi amfani da ita a matsayin ma'auni.

Kuɗin da aka rage iri ɗaya ne, amma sakamakon ya bambanta. Satar kayan aiki ta ƙaru a masana'antun biyu, sai dai ta fi ƙaruwa nesa ba kusa ba a inda aka yi bayanin a gurguje, haka ma yawan masu ajiye aiki. Da wa'adin ya cika aka mayar da albashi yadda yake, satar ta koma matsayinta na da. Fassarar da Greenberg ya yi ita ce ma'aikacin da ya ji an zalunce shi yakan nemi hanyar ramawa, kuma jin an yi zalunci ba daga adadin kuɗin kaɗai yake fitowa ba, har da yadda aka ɗauki mutum a lokacin gaya masa.

A 1991 wasu masana biyu, David Schweiger da Angelo DeNisi, suka wallafa binciken da ya bi ma'aikatan masana'antu biyu na wani kamfani da ke shirin haɗewa da wani. A ɗaya an buɗe layin waya na amsa tambayoyi, ana fitar da takardar labarai, ana kuma zama da ma'aikata a kai a kai ana gaya musu abin da aka sani game da makomarsu, mai daɗi da mara daɗi. A ɗayar kuwa wasiƙar sanarwa kawai suka samu. Da labarin haɗewar ya fito hankali ya tashi a wuraren biyu. Amma inda ake bayani tashin hankalin ya tsaya a wani matsayi, amincewa da kamfani ta fara dawowa, yayin da a ɗaya wurin abubuwa suka ci gaba da taɓarɓarewa har ƙarshen binciken.

Dalilin ba boyayye ba ne ga duk wanda ya taɓa zama a ofis. Shugabannin da ke sanar da sauyi sun shafe watanni suna tattauna shi a bayan ƙofa, sun yi gardama, sun saba da shi, har ya zame musu tsohon labari. Ma'aikaci kuwa a ranar ya fara ji. Shugaba yana magana kan tsari da ribar shekaru biyar masu zuwa, mai sauraro yana jiran jimla ɗaya tak: shin aikina na nan? Muddin ba a amsa wannan ba, sauran jawabin iska ce ke kwashewa. Kuma idan aka bar gurbin babu amsa, ba ya zama fanko. Jita-jita ce ke cike shi, ita kuwa ba ta taɓa zaɓar fassara mai sauƙi.

Bidiyo, imel da ƙofa a rufe

Misalan da suka fi muni a shekarun nan sun faru ne a idon duniya. A ranar 17 ga Maris 2022 kamfanin jiragen ruwa na P&O Ferries a Birtaniya, mallakar DP World na Dubai, ya sallami ma'aikatan jirgi kusan 800 ta hanyar wani bidiyo da aka riga aka naɗa. An gaya musu ranar ce ta ƙarshe a bakin aiki, kuma tuni an tanadi ma'aikatan haya masu arha da za su maye gurbinsu. Dokar Birtaniya ta wajabta wa kamfanin da zai sallami mutum ɗari ko fiye ya fara tuntuɓar wakilan ma'aikata aƙalla kwana 45 kafin sallamar. Mako guda bayan haka shugaban kamfanin, Peter Hebblethwaite, ya amsa a gaban 'yan majalisa cewa sun san doka ta ce a tuntuɓi ƙungiyoyin ƙwadago, suka zaɓi ƙin yi, saboda sun tabbata babu ƙungiyar da za ta amince da shirin.

Wannan amsa tana da amfani, domin ta tona abin da ake yawan ɓoyewa. Sau da yawa ba mantuwa ba ce ke sa a ƙi zama da ma'aikata, kuma ba rashin iya magana ba ne. Lissafi ne. Shugaba ya auna ya ga cewa tattaunawa za ta ba mutane damar yin turjiya, sai ya gwammace ya same su ba shiri.

A watan Nuwamban wannan shekara abin ya iso Afirka ta Yamma. Bayan Elon Musk ya sayi Twitter kan dala biliyan 44, kamfanin ya sallami kusan rabin ma'aikatansa 7,500 ta hanyar imel, wasu ma sun gane an sallame su ne da suka ga an rufe musu hanyar shiga kwamfutocin aiki. Cikin waɗanda abin ya rutsa da su har da kusan duka ma'aikatan ofishin Accra a Ghana, ofishin kamfanin tilo a nahiyar, wanda kwanaki kaɗan ke nan da buɗe ƙofarsa. Ba su kai mutum ashirin ba. Sun ɗauki masu kare musu haƙƙi, suka dogara da dokar ƙwadagon Ghana, wadda ta tanadi a sanar da hukuma wata uku kafin irin wannan sallama, a kuma yi ciniki kan kuɗin sallama. Sai a farkon 2024 aka ba da labarin an biya su, fiye da shekara guda bayan imel ɗin.

Akan kwatanta waɗannan da abin da Brian Chesky na Airbnb ya yi a watan Mayun 2020, lokacin da annobar korona ta tsayar da tafiye-tafiye. Shi ma ya sallami mutum kusan 1,900, wato rubu'in ma'aikatansa. Amma wasiƙar da ya rubuta ta faɗi yadda kuɗin shiga ya faɗi, da ƙa'idar da aka bi wajen zaɓen sassan da za a rage, da abin da kowa zai samu: ga ma'aikatan Amurka albashin mako 14 da ƙarin mako guda kan kowace shekarar aiki, da inshorar lafiya na shekara guda. Ta kuma faɗi lokacin da kowa zai san matsayinsa, da cewa za a zauna da duk wanda abin ya shafa shi kaɗai. Bai kamata a zuzuta abin fiye da kima ba, domin wanda ya rasa aiki ya rasa, kuma kamfanin ya ci ribar kyakkyawan sunan da wasiƙar ta jawo masa. Duk da haka babu wanda ya kwana yana tambayar kansa ko sunansa na ciki.

Gadon "nan take"

A Najeriya wannan matsala tana da tarihinta. A 1975 gwamnatin Janar Murtala Muhammed ta kori ma'aikatan gwamnati fiye da 10,000 da sunan tsabtace aiki, da yawansu ba tare da an saurari ta bakinsu ba, wasu kuma a rediyo suka ji sunayensu. Mutane da yawa sun yi murna a lokacin, ganin yadda cin hanci da lalaci suka yi katutu. Amma masu nazarin aikin gwamnati sun daɗe suna cewa wannan kora ce ta koya wa ma'aikaci cewa kujerarsa ba ta da tabbas, don haka gara ya tara abin da zai tara tun yana kai. Salon sanarwar soja, wadda ke ƙarewa da cewa umarni ya fara aiki nan take, ya wuce zamanin soja ya zauna daram a ofisoshin farar hula.

Jihar Kaduna ta ga irin wannan a 2017. Gwamnatin Nasir El-Rufai ta yi wa malaman firamare kusan 33,000 jarrabawa da tambayoyin aji huɗu, ta ce 21,780 sun kasa samun kashi 75 cikin ɗari. Gwamnan ya bayyana adadin ne a lokacin da yake karɓar tawagar Bankin Duniya, daga baya kuma aka baza hotunan wasu takardun amsa a shafukan sada zumunta domin jama'a su gani da idonsu. Ta fuskar siyasa dabarar ta yi aiki, domin duk uban da ya ga waɗannan amsoshi zai yi wuya ya ce a bar mai su a gaban ɗansa. Ta fuskar shugabancin ma'aikata kuwa, gwamnati ta yi magana ne a kan malamai, ba da malamai ba. Ƙungiyar malamai ta NUT ta ƙalubalanci sahihancin jarrabawar, ta shiga yajin aiki a Janairun 2018, gwamnati kuma ta ci gaba da sallamar tare da ɗaukar sababbi. Ana iya yarda cewa gyaran ya zama dole, a kuma yarda cewa malamai fiye da dubu goma da suka ci jarrabawar sun koma aji ne a garin da aka riga aka mayar da sunan malamin firamare abin dariya. Waɗanda suka rage su ne za su ɗauki nauyin duk wani gyara, kuma suna kallon yadda aka yi da waɗanda suka tafi.

Doka ba ta yi shiru gaba ɗaya ba. Sashe na 20 na dokar ƙwadago ta Najeriya ya ce idan za a rage ma'aikata saboda sun yi yawa, dole mai aiki ya sanar da ƙungiyar ƙwadago ko wakilin ma'aikata dalilin ragin da girmansa, ya bi ƙa'idar wanda ya zo ƙarshe shi ke fara tafiya tare da la'akari da ƙwarewa da cancanta, ya kuma yi iya ƙoƙarinsa wajen sasantawa kan kuɗin sallama. Amma akwai giɓi biyu. Na farko, dokar ta ce a sanar, ba ta ƙayyade kwanakin tuntuɓa kamar na Birtaniya ko Ghana ba. Na biyu, ma'anar "ma'aikaci" a dokar ta cire masu riƙe da muƙaman gudanarwa da na ƙwararru, wato mafi yawan matasan da suka gama jami'a suka samu aikin banki ko na kamfanin sadarwa. Irin waɗannan takardar ɗaukar aikinsu ce madogararsu, sai kuma Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, wadda gyaran kundin tsarin mulki na 2010 ya ba ta hurumin amfani da kyawawan ƙa'idojin ƙwadago na duniya wajen yanke hukunci.

Wanda ke tsakiya

Akwai wani mutum da ba a cika ambatonsa ba a irin wannan lokaci, shi ne shugaban sashe. Babban shugaba yakan yi jawabi sau ɗaya ya koma hawa na sama. Wanda za a tare a bakin ƙofa washegari, ko bayan sallar azahar a masallacin ofis, a ce masa "Oga, mene ne gaskiyar maganar nan?" shi ne shugaban sashe. Idan shi ma a sakular ya gani kamar kowa, to zaɓinsa biyu ne: ya ce bai sani ba, ƙimarsa ta zube, ko ya ƙirƙiro amsa don kwantar da hankali, wadda za ta ƙaryata shi bayan mako biyu. Shi ya sa wuraren da suka iya wannan aiki ke fara zama da shugabannin sassa kafin sanarwa, a ba su amsoshin da ake da su, a kuma gaya musu ƙarara waɗanda ba a yanke ba tukuna da ranar da za a yanke su.

Wannan na ƙarshen shi ne ya fi yi wa shugabanni wuya, musamman a inda ake ganin cewa babba ba ya cewa bai sani ba. Sai a gwammace a yi shiru har komai ya kammala, ko a yi alkawarin da ba a da ikon cikawa, kamar a ce ba wanda zai rasa aikinsa. Alkawari irin wannan yakan sayi kwanciyar hankali ta wata guda, amma ranar da aka sallami mutum na farko duk wata magana da shugaban zai sake yi ta zama abin tuhuma. Haka nan taron jin ra'ayi da ake kira bayan an gama yanke hukunci: ma'aikata kan gane shi tun daga yadda aka jera kujeru, kuma ya fi rashin taron ɓata rai. Idan hukunci ya riga ya tabbata, gaskiya ita ce a faɗi haka, sannan a ware abin da har yanzu ake iya sauyawa, kamar ranar tashi, ko kuɗin ƙaura, ko waɗanda za a ɗaga wa ƙafa, a tattauna shi da gaske.

A CBN labarin bai tsaya kan ƙaura ba. A cikin watannin da suka biyo baya bankin, ƙarƙashin gwamnansa Olayemi Cardoso, ya sallami daraktoci da wasu ma'aikata rukuni-rukuni da sunan sake fasali, wasu daga cikinsu kuma suka garzaya Kotun Ma'aikata suna cewa ba a bi ƙa'ida ba. A watan Disamban 2024 aka ji labarin shirin barin aiki kafin lokaci, wanda ya shafi ma'aikata kusan 1,000 da kuɗin sallama kimanin naira biliyan 50. Bankin ya dage cewa shirin na ganin dama ne, ba a tilasta wa kowa ba, kuma ya samo asali ne daga tattaunawa da wakilan ma'aikata. Majalisar Wakilai ba ta gamsu da jin hakan daga nesa ba, ta kafa kwamiti ya binciki yadda aka tsara shirin da yadda aka kai ga adadin kuɗin, jami'an bankin kuma suka bayyana a gabansa a farkon 2025 suka maimaita cewa duk wanda ya tafi da ƙafarsa ya tafi.